Ranar da Tumbin Raneye Ya Yi Shiru

Ku da kuke kiwon turka a yanzu, ku sayo buhun abinci haɗaɗɗe a shago, ku zuba a komi, ku koma gindin bishiya kuna latsa waya, ban ga laifinku ba idan kun ce sana'ar nan ba ta da wuya. Sa ya ci, ya yi ƙiba, a kai shi kasuwa. Ni ma haka na ɗauka. Na yi shekaru ina dakon auduga a Gusau har bayana ya gaza, ga iyali, sai kawuna ya kai ni Bungudu wurin wani tsoho mai suna Baba Mande, wanda ya yi fice wajen turke bijimai. Na kusa shekara talatin a lokacin, da gemuna, ina ganin ba wanda zai koya mini yadda ake ba dabba ciyawa.

Aikin farko da ya ba ni ba yankan kara ba ne, ba kuma kwasar kashi ba. Ya ja ni wurin wani baƙin sa, ya nuna mini ɗan kwarmin nan da ke kwiɓin hagu, tsakanin haƙarƙari da ƙugu, ya ce in ɗora kunne. Na ɗora ina jin kunya, don akwai mata a bakin rijiya suna kallonmu. Da fari ban ji komai ba. Can sai wani abu ya taso daga ƙasa, kamar cida idan hadari yana nesa, ya mirgino har ya ture mini kunci, ya wuce. Na ja da baya.

"Mi kaj jiya?" in ji shi.

Na ce cikinsa ne ke ƙugi.

"Ba cikinai na ba. Mutanen tumbi na, suna aiki. Kai kana tsammanin sa kaka ciyarwa? Sa ba ya iya cin kara. Su ka ci, su ba shi. In sun ji daɗi shi yi ƙiba, in sun yi hushi shi rame, in sun mutu shi bi su ko da komi cike."

Na ɗauka zancen tsufa ne. Mutumin da kowace safiya sai ya bi shanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya sa kunne, ya ce a hankali, "Kun kwana lahiya?" kuma ba da san yake ba, da abin da ke cikin san yake. Yaran unguwa ba sa bi ta bayan gidansa don tsoro. Daga baya ne wani malamin dabbobi ya gaya mini lallai akwai wasu halittu a tumbi, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita, kuma su ne ke narka kara da ciyawa. Baba Mande bai taɓa ganin madubin ba, da kunne ya san su.

Yankan kara shi ne aikin da ya fi cin rana. Kayan aikinmu ba su da yawa: adda, gungumen ƙirya da ake sara a kai, komi, randa biyu, da ƙahon ɗura. Karan dawa ake yankawa gajeru, kada ya wuce gaɓar yatsa, a jiƙa shi da ruwan kanwa tun yamma, da safe ya yi laushi. Sannan a yayyafa dusa, a sa harawar wake ko ta gyaɗa, da ɗan angurya idan an samu. In na yi ganda na bar karan da tsawo, ba ya ce mini komai. Sai washegari ya ɗauki tsinke ya tona kashin san a gabana, ya zaro zaren kara bai narke ba, ya miƙo mini. Ya kan ce kashi wasiƙa ce da tumbi ke aiko wa mai turka, wanda bai iya karatunta ba ya koma dako.

Masu sayenmu iri uku ne. Akwai mahautan Gusau, waɗanda ba a yi musu wayo, hannu ɗaya za su sa a gindin wutsiya su gaya maka abin da ke jikin sa. Akwai masu loda shanu a jirgin ƙasa zuwa kudu, su nauyi suke nema. Sai masu layya, waɗanda ke sayen ƙaho da tozo don maƙwabta su gani. Waɗannan na ƙarshe su ake cuta a kasuwa, a ɗura wa sa ruwa da kanwa cikinsa ya yi tulu, su yi ta yi wa rogo kallon kitse. Baba Mande bai taɓa yi ba. Ba don tsoron Allah kaɗai ba, in ji shi, har da kunyar mutanen tumbi.

Yis kuwa, wato sinadarin da ake sa wa burodi, a Sabon Garin Gusau muka samo shi, wurin wata Bayarabiya Kirista mai gashin burodi, ana kiranta Maman Bose. Wurinta muke sayen dusar alkama. Wata rana muna jiran a auna mana, Baba Mande ya tsura wa awakinta ido. Awaki ne na cikin gari, ba abin da suke samu sai busasshen ganyen masara da ɓawon rake, amma gashinsu na sheƙi. Ya durƙusa ya murje kashinsu a hannu, ya ga ya narke lilis. Ya tambaye ta me take ba su. Ta yi dariya ta ce ba komai, sai ruwan da take wanke komin kwaɓa da shi. Ya ce ta nuna masa abin da ke sa burodi ya tashi. Ta ɗebo masa a takarda, wani gari mai ruwan ƙasa, ta ce, "Baba, kaɗan ake sawa fa. Abin nan yana da rai."

Kalmar nan ta rai ita ta kama shi. Muka dawo Bungudu ya jiƙa abin da bai wuce cikin murfin kwalba ba a ruwan ɗumi da ɗan dusa, ya rufe da faifai. Kafin mu gama sallar la'asar ƙwaryar ta fara numfashi. Haka zan ce, don kumfa na tasowa yana faɗawa, faifan yana ɗan motsi ba mai taɓa shi. Ya yayyafa wa sa ɗaya a kan kara, ya bar sauran. Bayan mako biyu san nan yana cinye karan da a da yake turewa da hanci, cidar cikinsa ta ƙaru, zare ya ragu a kashinsa. Daga nan kowane sa yana da murfinsa guda a rana, ba a ƙarawa.

Na tambaye shi ko yis ɗin ne ke narka karan. Ya ce a'a.

"Ka san makaɗin gayya? Ba ya riƙa hauya, ba ya noma ko kuyya guda. Amma in shina kiɗi, manoma na yin aikin kwana biyu cikin wuni. To shi na wanga. Amma in babu kowa cikin gona, shi yi ta kiɗi har hannunai shi tsage, ciyawa ba ta hita."

Ku riƙe wannan magana, don za mu dawo kanta.

Sai shekarar fari ta zo, wadda aka canja kuɗi a cikinta. Damina biyu a jere ruwa ya yi gardama. Harawa ta ƙare tun kafin tsakiyar rani, angurya ta gagara, kara ya zama abin da ake gadi. Mutane suka fara kware tsofaffin jinkunan ɗakuna suna ba dabbobi. Baba Mande ya ga inda abin ya dosa, ya sayar da bijimanmu gaba ɗaya tun suna da nama, garka ta zama fayau, sai turaku a tsaye.

A bazarar nan ya aike ni Tsafe neman kara. Na hau keke, rana ta take na iso wajen dutsen Kwatarkwashi, sai na tarar da garke a gefen hanya ƙarƙashin wasu gawo, shanu sun fi ƙarfin in ƙirga. Na sauka don in huta, sai na ji jikina bai yarda da wurin ba, na rasa dalili. Na daɗe a tsaye kafin na gane. Garke da rana tsaka yana da ƙara, kowace saniya tana tuƙa, ka ji muƙamuƙai suna niƙa kamar mata a bakin dutsen niƙa. Waɗannan ba wadda bakinta ke motsi. Suna tsaye, cikinsu a cike tim, idanunsu a buɗe suna kallona. Ungulaye na yawo a ƙasa tsakanin ƙafafunsu, ba mai korar wani. Na matsa na sa kunne a kwiɓin wata, ba ta ko kauce ba. Shiru, kamar ka sa kunne a jikin bango. Tsoro ya kama ni da rana kata, na hau keke ban waiwaya ba.

Mahauta sun gaya mana abin da suke tararwa idan sun farke irin waɗannan. Tumbi cike da kara da jinka, a bushe, a daskare kamar tubali. Yunwa ce ke kashe su alhali cikinsu a ƙoshe.

Bayan kwana kaɗan wani dattijon Bafulatani ya yi sallama a ƙofar garkarmu. Sunansa Jaɓɓi, daga dajin Tsafe ya taso da garkensa yana neman gulbi, suna zubewa a hanya. Da shanu biyu ya iso Bungudu. Ɗaya tsohuwa ce ja, ƙashi da fata, ya ce sunanta Woɗeye, wato ja da Fulatanci. Ɗayar 'yarta ce, farar karsana mai ɗauke da cikin fari, sunanta Raneye, wato fara. Ya ce an gaya masa akwai tsoho a nan mai maganin da ke sa saniya ta ci kara ta rayu.

"Malam, su ɗai sunka rage mani," in ji shi. "Jag ga, kakarta anka ba ni ranar sunana. Ta gama haihuwa. Hwarag ga ita ta gidana gaba ɗaya. In ta hwaɗi, ni da shanu sai labari."

Baba Mande ya sa kunne a kan kowacce. Ya ce da sauran mutane a ciki, amma sun galabaita, sai an bi su a hankali. Muka ɗaure su a turaku biyu na kusa da inuwa. Jaɓɓi ya shimfiɗa buzunsa a nan kusa da su, ya ƙi shiga zaure.

Halinsu ya bambanta. Raneye ba ta yarda da kowa, ko Jaɓɓi ya kira ta ba ta ɗaga kai, uwarta kawai take bi. Woɗeye kuwa da ya kira sunanta sai ta taho ta cusa hanci a hammatarsa ta tsaya. Tana da wata ɗabi'a kuma: duk lokacin da za ta kwanta tuƙa, sai ta buga ƙahonta a jikin turke sau biyu, ƙwas, ƙwas, kamar mai neman izinin shiga. Ko ina bayan gida ina sara, in na ji bugun nan na san tsohuwa ta fara niƙa.

Kwana tara muna lallaɓa su da jiƙaƙƙen kara, da 'ya'yan gawo, da dusa cikin tafin hannu, da murfin yis guda. Suka fara ɗagowa. A rana ta goma aka yi wa Baba Mande rasuwa a Furfuri, ya tafi zai kwana biyu. Da zai fita ya ce mini, "Kar ka ƙara, kar ka rage."

A nan na yi abin da har yau in na tuna sai bakina ya yi ɗaci. Na dubi Raneye, haƙarƙarinta a waje, ga ɗa a ciki. Na dubi Jaɓɓi, wanda kullum idan na kawo tafin dusa sai ya bi hannuna da kallo. Na ce a raina, Bafulatanin nan yana ganin rowa muke yi, ko kuma yana ganin ni ɗan aike ne kawai. Akwai dawa rabin kwano da na ɓoye don gidana. Na sa aka ɓarza, na jiƙa, na haɗa da dusa ƙwarya guda. Da na zo kan yis sai na ce, in murfi ɗaya yana wannan aiki, ina ga biyar? Na zuba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Bijimin da ya saba da hatsi wata da watanni ma ba a yi masa haka, balle karsanar da ta yi rabin shekara tana cin jinka. Ta cinye tas, har tana lasar ƙwarya, ni kuwa ina tsaye ina jin kaina gwani.

Kafin la'asar kwiɓinta na hagu ya taso ya wuce ƙashin baya, in ka buga sai ya amsa kamar ganga. Tana nishi, harshe a waje. Ni da Jaɓɓi muka ɗura mata man gyaɗa da ruwan kanwa, muka sa mata itace a baki, muka yi ta zagayawa da ita. Allah ya taimaka iskar ta fita, kumburin ya saɓe. Ta yi zawo mai tsami kwana guda. Na ce an tsira.

Da Baba Mande ya dawo, bai ko ajiye sandarsa ba ya nufi wurinta. Ya sa kunne. Ya daɗe, ya fi yadda ya saba daɗewa. Ya ɗago ya dube ni.

"Mi kab ba ta?"

Na gaya masa a gaban Jaɓɓi, ban rage komai ba. Na shirya wa zagi, har da mari. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce in zo in saurara. Na ɗora kunnena, sai na ji irin shirun nan na gindin Kwatarkwashi.

"Tsami ya ƙone su," ya ce. "Gari guda kak kashe da ƙwarya ɗaya."

Jaɓɓi ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, "Tausai nata kaj ji?"

Da na ce e, da ya karɓa. Amma na ce masa, "Da tausayi, Baffa, amma na fi son ka ga na iya." Ya gyaɗa kai ya koma kan buzunsa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kwana uku Raneye ba ta ci ba, ba ta tuƙa ba. Ta kwanta, muka kwance mata igiya tunda ba inda za ta. Na ce a ƙara mata yis ko zai tashe su. Baba Mande ya ce, "Makaɗi zaka kai gonad da babu kowa?" Magani ɗaya ne, in ji shi: a samo mutanen tumbi masu rai daga wata saniya, a zuba mata, su zauna su hayayyafa. Muka gwada ƙwato tuƙa daga bakin Woɗeye, loma biyu muka samu da ƙyar, ba ta isa komai ba, ita ma tsohuwar abin da ke riƙe da ranta ke nan. Na tafi kwatar Gusau da gora, na roƙi ruwan tumbi. Abin da ake yankawa a lokacin duk masu shirun ciki ne, wanda na samu mai dama-dama kuma an farke shi tun da sassafe an bar shi a buɗe. Da na kawo, Baba Mande ya sunsuna ya tuntsurar. Ya ce gawa na ɗauko, iska tana kashe su, sai an ɗebo da ɗuminsu an ɗura nan take.

A safiya ta huɗu Woɗeye ta buga turke sau biyu ta kwanta, da aka jima ta yunƙura ta kasa tashi. Muka ɗaga ta mu uku, ƙafafun suka ƙi. Amma bakinta na niƙa, kuma da na sa kunne cidar tana nan, a hankali, ba ta fasa ba. Baba Mande ya je ya tsuguna gaban Jaɓɓi. Ban taɓa ganin ya tsuguna wa kowa ba.

"Jaɓɓi, tsohuwa ba ta kai jibi. Ƙahwahunta sun tahi, amma mutanenta na nan da rai. Ɗiyar kuwa ƙahwahunta na nan, gidan na babu kowa. In munka jira, mu rasa su duka."

Jaɓɓi ya gane tun kafin ya ƙarasa. Ya ce, "Ban taɓa sa wuƙa ga jinin saniyag ga ba. Uwata ta sha nonon kakarta tana goyona."

"Na sani."

"In anka yi, hwarar na tashi?"

"Ban sani ba. Allah ɗai ya sani. Amma in ba a yi ba, ba ta tashi."

Ya zauna a wurin har inuwar zana ta janye daga kansa, rana na dukansa bai matsa ba. Ni ina tsaye da adda a hannu, na kasa sara, na kasa tafiya. Can ya miƙe ya je wurin Woɗeye, ya kira sunanta. Ta miƙo wuya ta cusa hanci a hammatarsa. Ya yi mata magana da Fulatanci mai tsawo, ban ji ko kalma ba. Sannan ya kama ƙahonta da hannu biyu ya juya fuskarta gabas, ya ce wa Baba Mande, "Bisimilla."

Aikin ya zama na gaggawa. Tun kafin a yanka na ɗumama gora da ruwan zafi, na tanadi tsumma mai tsabta da ƙahon ɗura. Da aka farke, muka jawo tumbin cikin babban daro. Abin da na gani a nan ban taɓa gaya wa matata ba sai bayan shekaru. Saniya ta mutu, idonta ya kafe, jini ya daina zuba, amma tumbin yana motsi a cikin daro. Ya kumbura ta nan, ya lotsa ta can, kuma cidar nan tana fita, mu uku muna jinta ba sai an sa kunne ba. Baba Mande ya dafa shi ya ce, a hankali kamar yadda yake yi da safe, "Ku yi haƙuri, ƙaura za ku yi."

Ya tsaga ƙaramar kafa, muka tace ruwan ta tsumma zuwa gora, kore-kore, da ɗumi, yana ƙananan kumfa. Jaɓɓi ya ɗaga kan Raneye, na riƙe ƙaho, Baba Mande yana zubawa kaɗan-kaɗan don kada ya bi ta hanyar iska. Gora uku ta sha. Bayan nan ya jiƙa yis murfi guda, guda tak, ya miƙo mini ya ce ni zan ba ta. Na karɓa na ba ta. Naman kuwa aka raba wa maƙwabta, Jaɓɓi bai taɓa ba, mu ma ba mu ci ba.

Ranar ba abin da ya canza. Washegari ma haka, sai dai ta sha ruwa. Na sa kunne ya fi sau ashirin, har Baba Mande ya ce in ƙyale baƙi su san gari. A rana ta uku ya shiga gida ya kwanta, Jaɓɓi ya tafi bakin gulbi neman ɗanyen ganye, ni kuma ina bayan zana ina yankan kara. Rana tsaka ce, garin ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi.

Sai na ji ƙwas, ƙwas.

Addar ta tsaya a sama. Na san bugun nan, kuma na san da hannuna na shanya fatar mai yinsa a kan katanga. Na yi ta'awizi, na zagayo a hankali. Raneye ce a tsaye. Ta bar inda take kwance, ta taka har turken uwarta, inda ƙasa ba ta gama shanye jini ba. Ina kallo ta lanƙwasa gwiwa ta kwanta a gurbin tsohuwar. Wani abu ya taso ta maƙogwaronta, ya hau, ya iso baki. Ta fara niƙa.

Na je na sa kunne, ba ta kauce ba, ita da ba ta bari a taɓa ta sai an riƙe. Can ƙasa, nesa, cida ta taso ta ture mini kunci. Na zauna a ƙasa na yi kuka, da gemuna.

Na ba malamin dabbobin nan wannan labari daga baya. Ya ce abin da muka yi daidai ne, su ma suna yi. Zancen bugun turke kuwa, ya ce hali ba ya zama a tumbi, 'ya ce ta tashi tana ganin uwarta tana yi. Na ce haka ne, ya fi ni ilimi. Sai dai sama da mako biyu karsanar nan ta yi a garkarmu kafin ranar, ban ji ta buga ko sau ɗaya ba.

Jaɓɓi ya zauna da mu har ruwa ya sauka, ciyawa ta fara tsirowa. Raneye ta murmure, cikinta ya fito sosai. Bai ƙara tayar da zancen ƙwaryar dawa ba, ni ma ban ƙara auna wa dabba abinci da ido ko da zuciya ba, sai da murfi da tafin hannu. Shi ya sa in na ga ɗayanku ya sayo ramammen sa yau, gobe ya cika masa komi da dusa da garin masara don yana sauri, nake tsayawa in yi masa faɗa kamar ya zagi ubana. Kafin ku zuba komai, ku sa kunne tukuna.

Ranar da Jaɓɓi zai tafi, ya naɗe buzunsa, ya rataya gora, ya yi sallama da Baba Mande. Na miƙa masa igiya don ya ja Raneye, ya ce ba ya bukata. Ya taka har bakin garka, ya tsaya bai juyo ba. Ban sani ba ko mantuwa ce ta baki, ko da gangan ya yi. Ya kira, "Woɗeye."

Farar ta ɗaga kai. Ta taho, ta cusa hanci a hammatarsa, ta tsaya.

Jaɓɓi ya ɗora hannu a wuyanta, ya daɗe a haka, sannan ya dubi Baba Mande ya ce, "Ashe ɗaki tac canza." Ya kama hanyar Tsafe. Muna tsaye a ƙofa muna jinsa har ya sha kwana, yana kiran ja, fara tana binsa.